Ambulan Biyar Da Na Sa Ƙanwata Ta Jiƙa

Edita, ina yi maka fatan alheri, kai da masu karatu. Na daɗe ina karanta wasiƙun da mutane ke aiko muku, ban taɓa tsammanin wata rana tawa za ta shiga cikinsu ba. Ina roƙo kada a sa sunana, ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba.

A lokacin da abin ya faru ina da shekara hamsin da takwas, ban daɗe da yin ritaya daga gidan waya na Sokode ba. Na shafe fiye da rabin rayuwata a bayan kanta ina sayar da kan sarki, wanda mu a Togo muke ce wa tambur, ina buga hatimi a kan wasiƙun mutane. Mijina ya rasu da daɗewa, ɗana guda ɗaya yana aiki a Lome, ni kuma ina zaune a gidana na Kpangalam. Duk unguwa Madam ake kirana. Abin da aka san ni da shi bayan aikina shi ne tara tsofaffin tambur da tsofaffin ambulan. Tun ina budurwa na fara. Idan na ga tsoho ya zo karɓar wasiƙa, sai in roƙe shi ya dawo min da ambulan ɗin bayan ya karanta. Ranakun hutu nakan hau mota zuwa Tchamba ko Pagala in bi gidajen tsofaffin 'yan kasuwa ina tambaya ko akwai takardun iyaye da aka bari a akwati. Wasu su yi min dariya, wasu su ba ni, wasu su ce sun riga sun hura wuta da su. A hankali na cika kabad guda, na san hatimin kowane gari da zamaninsa, har masu wannan sha'awa daga Lome da Kara suka riƙa kirana a waya suna neman ra'ayina.

Abu ɗaya ne na nema ban samu ba: cikakken ambulan na zamanin Jamus mai hatimin Sokode. Tambur ɗin wancan zamani, mai hoton jirgin ruwa, ba wuyar samu yake da ita ba, ina da su da yawa. Abin da ke da daraja shi ne a same shi yana manne a kan ambulansa, hatimi rabi a kan tambur rabi a kan takarda, ga adireshi da hannun wanda ya rubuta, ga hatimin garin da wasiƙar ta sauka a baya. Wannan ne ke nuna cewa lallai wasiƙa ta yi tafiya. Da zarar an raba su, an kashe abin. Na yi shekara talatin ina nemansa, na ga hotonsa a littattafai, ban taɓa riƙe shi a hannuna ba.

Ina da ƙanwa guda ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, na girme ta da shekara shida. Ni aka bari na yi boko, ita aka cire ta tun tana aji uku ta riƙa bin mahaifiyarmu kasuwa. Ta yi aure a Dapaong, tana sayar da atamfa. Ba zan ɓoye muku ba, tun muna yara nake jin wani abu a raina game da ita. Mace ce mai fara'a wadda duk inda ta shiga sai an so ta. Ta haifi 'ya'ya shida, mijinta yana raye, ta riga ni zuwa Makka. Idan muka je biki tare, ni ake gaisarwa da ladabi, ita ake ja a zauna da ita ana dariya. Ban taɓa nuna mata ba, ita kuma ba ta taɓa ganin kowa sama da ni ba. Abin da nake lallashin kaina da shi shi ne, ko ba komai ina da ilimi da wannan kabad, abin da ita ba ta san kansa ba.

Wata damina ruwa ya rushe zauren gidan su mijinta da ɗakuna biyu. Wajen kwashe kaya aka fito da wani akwatin ƙarfe na kakansu, wanda ya yi fatauci a garin Mango kafin zuriyarsa ta koma Dapaong. A ƙasan akwatin aka tarar da wasiƙu biyar a ambulansu. Wan mijin, wanda shi ne babba a gidan, ya nuna wa wani tsohon malamin makaranta maƙwabcinsu, shi kuma ya haɗa su da wani mutumin Lome mai yawo yana nemo wa wani kamfanin gwanjo na Turai irin waɗannan takardu. Mutumin ya ce su ajiye, zai zo nan da mako biyu. Sai 'yan gidan suka ce tun da matar ƙaninsu tana da 'yar'uwa masaniya, a fara kai mata ta duba, kada baƙo ya cuce su.

Ta iso Sokode bayan azahar, da zabbi biyu da ƙullin daddawa da ta kawo min tsaraba. Bayan ta yi sallah ta ci abinci, ta kwance wani ɗankwali a kan tabarma ta fito da su. Na ɗauko hantsakina da gilashin dubawa ina tsammanin irin tarkacen da aka saba kawo min ne. Na farkon da na juya, jirgin ruwan nan ne, ga hatimi ya fito raɗau, sunan garinmu harafi bayan harafi. An rubuta adireshi da boko, a ƙasa wani ya sake rubuta shi da ajami. A baya ga hatimin Mango. Uku daga cikinsu haka suke, biyu daga Lome suka fito. Ko tabon ruwa babu. Na ajiye hantsakin. Abin da na yi shekara talatin ina bin ƙauyuka a kansa, ga shi ya zo ɗakina a ɗankwalin wadda ba ta iya karanta abin da ke jikinsa ba.

Na daure na ce ta bar min ɗaya. Ta dube ni da tausayi ta ce, "Yaya, da nawa ne wallahi da duka na bar miki. Amma an ƙirga su a gabana, kuma da su ake son gyara zauren." Daga nan ta shiga ba ni labari tana murna, wai mutumin Lome ya ce idan na gaske ne za a buga hotonsu a littafin gwanjo, a rubuta cewa daga wani gida na Dapaong suka fito, har wan mijinta ya fara kiranta mai ƙafar alheri. Tana magana ina jin wani ɗaci yana taso min daga ciki. Duk wahalar da na sha, ko takarda ɗaya tawa ba ta taɓa shiga littafin gwanjo ba. Na riƙa ganin yadda masu kirana daga Lome za su koma kiranta, yadda za a ce an samo abin a hannun ƙanwar Madam, Madam kuwa tana zaune. 'Ya'ya nata, miji nata, farin jini nata, yanzu kuma wannan ɗan abin da ya rage min shi ma ya bi ta.

Ban zauna na shirya mugunta ba, amma kuma ba zan ce bakina ne ya suɓuce ba. Na san abin da nake faɗa. Na ce mata tambur ɗin na gaske ne, sai dai Turawa ba sa sayen tsohuwar takarda mai ƙura, tambur kaɗai suke so, kuma idan mutumin ya zo ya tarar ba a cire su ba zai ce aiki ya rage masa, ya karya farashi. Na ce ta ajiye wasiƙun da ke ciki, ta yanke kusurwar kowane ambulan, ta jiƙa a ruwan ɗumi har tambur ya saki, ta shanya a inuwa. Sauran takardar kuma ba ta da amfani. Har na ɗauko wani sabon ambulan na banza da almakashina da kwano na gwada mata. Ta tsuguna tana kallo da kyau kamar mai koyon karatu, tana tambaya ko ruwan ya kamata ya fi haka zafi. Da ta ce me zai hana ni in yi musu tun da na fi ta iyawa, sai na ce idona ya yi rauni, ta bari sai ta koma gida. Gaskiyar ita ce hannuna ba zai iya sa musu almakashi ba. Na fi son hannunta ya yi.

Washegari na raka ta tasha. Ta riƙe hannuna ta tagar mota tana sa min albarka, tana cewa da ba ta zo ba da an cuce su. Motar ta tashi, na hau zemijan, wato babur ɗin haya, na dawo gida. Daga Sokode zuwa Dapaong tafiya ce mai tsawo, akwai Kara a hanya, akwai Mango, kuma wayata tana hannuna. Kalma uku sun isa: kada ki taɓa. Na buɗe lambarta ya fi sau biyar a ranar, ina rufewa. Na riƙa ce wa kaina ai wan mijin ba zai yarda ba, ai malamin makarantar zai hana, ai za ta manta. Bayan kwana huɗu ta kira ni muryarta cike da daɗi ta ce duka sun fita fes, ko ɗaya bai yage ba, guntayen takardar kuma ta haɗa da shara ta ƙona. Abin da nake jin kunyar rubutawa shi ne, a wannan lokacin sanyi na ji a raina. Sai da na kashe wayar na zauna na dubi kabad ɗina sannan sanyin ya gushe.

Ranar da mutumin Lome ya je, ban san abin da ya faru ba sai da mijinta ya kira ni da yamma. Na ɗauka ina jiran zagi. Sai na ji yana ba ni haƙuri. Ya ce, "Madam, kin yi naki, kin ce kada a taɓa su, ƙanwarki ce ba ta ji ba. Ta je ta yi musu wanki." Ya ce mutumin ya dubi tambur ɗin a kan faranti ya ce yanzu ba su fi kuɗin motarsa ba, amma da an bar su yadda suke da sun gyara zauren har da saura. Ya ce gidan ya rikice, wansa ya yi faɗa har maƙwabta suka shigo, ita kuwa ta amsa da bakinta cewa na gargaɗe ta, ita ce ta ga kamar sun yi datti. A nan ya kamata in ce a'a, ni ce. Abin da na ce shi ne, Allah ya sa haka shi ya fi alheri.

Na yi fiye da shekara a haka. Na gaya wa kaina cewa ta rikice ne, ko kuma ta ɗauka kuskure na yi ta rufa min asiri. Tana kirana muna gaisawa, ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Amma na daina buɗe kabad. Idan masu tarawa suka kira ni sai in ce ba ni da lafiya. Idan na tsaya sallah, kwanon nan da almakashi nake gani.

Sai babbar 'yarta ta haihu, na tafi Dapaong suna. Tun daga ƙofa na ga zauren yana nan a rushe, an kafa kwano an rufe gefe da tamfol. Wan mijin ya tarbe ni da girmamawa, ya sa aka kawo min kujera, ya ce a gaban mutane ga mai ilimin nan da aka ƙi jin maganarta. Cikin gida kuwa, ana tsakiyar hidima aka kawo takardar asibiti ta jariri, sai matar ɗaya daga cikin ƙannen mijin ta ce kada a ba Hajiya, yanzu za ta kai ta rijiya ta wanke. Mata suka fashe da dariya. Na gane daga yadda aka yi dariyar cewa ba yau aka fara ba. Ƙanwata ta yi murmushi ta ci gaba da zuba tuwo. Matar da duk inda ta shiga ake jan ta a zauna, na gan ta tana ta aiki a gefe, ba mai neman shawararta ko a kan gishirin miya. Daga baya wata tsohuwa ta raɗa min cewa tun ranar wan mijin bai ƙara cin abincin da ta dafa ba. Abin da na so ke nan, in gan ta ƙasa da ni, ga shi na gani, sai na ture tuwon gefe ban ci ba.

Da safe na same ta a bayan madafi tana wanke manyan tukwane ita kaɗai. Na tsuguna kusa da ita na ce ina da magana. Na gaya mata cewa ba kuskure na yi ba, da gangan na sa ta, na san abin da ruwan zai yi.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na sani, Yaya."

Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun ranar da mutumin ya zo. Wai da ya ga tambur ɗin sai ya ce me ya sa ba su tambayi Madam ta Sokode ba, ai duk mai wannan sana'a ya san ta, ita ce ta koya masa cewa ba a raba tambur da ambulansa. Nan take wan mijin ya juyo ya ce ba wurinta aka aike ki ba? Ta ce a wannan ɗan lokacin ta gane komai, har da dalilin da ya sa na ce idona ya yi rauni.

Na ce to me ya hana ta faɗa. Ta ɗauraye hannunta ta dube ni. Ta ce, "A gidan nan 'ya'yana za su zauna har su mutu. Gara a ce uwarsu wawuya ce da a ce dangin uwarsu mahassada ne. Wauta a kaina za ta tsaya." Sannan ta ce, "Abu ɗaya nake ta so in tambaye ki. Me na yi miki?"

Na ce ba ta yi min komai ba. Ta gyaɗa kai ta ce ita ma ta yi ta lalube ba ta samu ba, da ta samu da ya fi mata sauƙi. Na ce zan je yanzu in sami wan mijin in gaya masa gaskiya. A nan ne kawai ta ɗaga murya kaɗan. Ta ce in na yi haka na mayar da haƙurin da ta yi na shekara guda banza, kuma na ƙara mata da sunan maƙaryaciya. Ta sa na yi mata alkawari ba zan faɗa wa kowa a gidan ba. Ta ce ta yafe min saboda iyayenmu da ke kabari, ta miƙo min soso ta ce in taya ta da tukunyar can, baƙi za su tashi.

Da na dawo Sokode na kira mutumin Lome na ba shi mafi kyawun abin da ke kabad ɗina ya kai gwanjo. Abin da aka samu na sayi siminti da kwano na aika Dapaong a matsayin gudummawa. An gyara zauren. Wan mijin ya sa aka yi min addu'a a masallacin unguwa, ya aiko min da rago, yana cewa ciki ɗaya ya haifi mai hankali da marar hankali. Ƙanwata ce ta kira ta isar min da godiyarsa, kalma bayan kalma, ba ta rage komai ba. Ban san hukuncin da ya fi wannan ba.

Yau shekara huɗu ke nan. Muna zumunci, tana zuwa, ina zuwa. Amma bara da za a aurar da autarta, a bakin wata maƙwabciyarta na ji irin kayan da aka zaɓa da ranar da aka sa. Ba ta yi min rashin kunya ba, ta ba ni wurin zama na uwa. Kawai dai ba ta ƙara tambayata yaya za a yi ba, ko a kan abu ƙanƙane, kuma ban ga laifinta ba.

Abin da na koya shi ne hassada ba ta zo min da siffar ƙiyayya ba. Ina son ƙanwata, ko a ranar ina son ta. Ta zo min ne da lissafi, cewa ni na wahala ita ba ta wahala ba, don haka ni na cancanta. Na yi shekaru ina wannan lissafin a ɓoye ina ganin ba kowa yake cutarwa ba, har ranar da dama ta samu. Ban ƙaru da komai ba. Wasiƙun da suka fi shekara ɗari a akwati, gara ba ta ci su ba, ruwan damina bai taɓa su ba, ni da na fi kowa sanin darajarsu ni ce na hallaka su.

Ina kira ga duk wanda Allah ya ba sanin wani abu, ko ɗinki ne ko magani ko takardun fili. Idan ɗan'uwanka ya zo da abin da ka daɗe kana so, ya ce ka duba masa, kuma ka ji ranka ya ɓaci, kada ka ba da shawara a wannan zaman. Ka ce ya je wurin wani, ko ka fito fili ka ce kishi kake ji. Kunyar wannan ta yini ɗaya ce. Idan kuwa ka riga ka faɗi abin da ba daidai ba, ka kira shi tun yana kan hanya. Ni na sami kwana huɗu, na bar su suka wuce, kuma har yau a wani gida na Dapaong ana yi wa ƙanwata dariya a kan laifina.